Hanyar Tamale a Cikin Kaset ɗin Super 8

Kaset ɗin Super 8, wato siririn fim na ƙananan kyamarorin hannu, yana ɗauke da zare mai tsawon ƙafa 50, wato kusan mita 15, kuma a jikin wannan zare akwai gurbin hotuna kimanin 3,600. Idan aka haska shi da gudun hoto 18 a sakan ɗaya, wanda shi ne gudun da aka saba da shi tun da kamfanin Kodak ya fito da wannan tsari a 1965, cikin minti uku da sakan ashirin kallo ya ƙare. Wanda ya kunna kyamarar a unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, ya bar ta tana gudu kamar yadda aka saba, fim ɗinsa zai ƙare tun bai hango shataletalen Suame da ke cikin garin ba, balle a yi zancen Tamale. Saboda haka masu son ɗaukar doguwar tafiya da irin waɗannan kyamarori suke komawa ga ɗauka mai tazara: kyamara ta ɗauki hoto guda, ta dakata na wasu sakan, ta sake ɗaukar wani, har zaren ya ƙare. In an zo haskawa, sai tafiyar awoyi ta wuce a gaban ido cikin 'yan mintuna.

Ina zaune a Kumasi, kuma zumunci yana yawan kai ni arewa, don haka hanyar da na fi ɗauka ita ce wadda ta tashi daga nan ta bi ta Offinso da Techiman da Kintampo, ta ƙetare Buipe da Yapei, ta shiga Tamale. Tsawonta ya kusa kilomita 380, kuma idan aka haɗa da tsayawar salla da cin abinci, ba kasafai ake yin ta ƙasa da awa shida ba. Abu na farko da yake zuwa wa mutum a rai shi ne ya cusa hanyar gaba ɗaya cikin kaset guda, kuma lissafi ya kusa ba shi goyon baya, domin idan aka sa tazarar sakan 5 tsakanin hoto da hoto, hotuna 3,600 za su ci sakan 18,000, wato awa biyar cif. A takarda wannan ya yi kyau. A ra'ayina kuwa, fim ɗin da aka ɗauka da tazara guda tun daga farko har ƙarshe shi ne mafi rashin daɗin kallo, kuma dalilin yana cikin lissafin da yake biye da wancan.

Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. A tazarar sakan 5, tsakanin hoto da na bayansa akwai mita 110, kuma duk abin da yake kusa da titi, mutum ne ko akuya ko buhun gawayi, zai bayyana a hoto ɗaya ne kawai, ya ɓace kafin ido ya kama shi. Ƙauyen da tsawonsa ya kai kilomita ɗaya, idan aka ratsa shi da gudun kilomita 50, yana ɗaukar sakan 72, wanda ke nufin hotuna 14 ko 15, ƙasa da sakan ɗaya a allo. Gari guda da masallacinsa da kasuwarsa da 'yan makarantarsa ya zama walƙiya. Idan kuwa aka rage tazarar zuwa sakan 1, wannan ƙauyen zai samu hotuna 72, wato sakan huɗu na kallo, wanda ya isa mai kallo ya gane rumfuna da mutane, sai dai kaset ɗin zai ƙare cikin awa ɗaya. Tazarar sakan 20 ba ta da amfani a mota mai tafiya, domin mita ɗari huɗu da ɗoriya tsakanin hotuna biyu ya sa babu abin da yake haɗa su, kuma abin da ake samu ƙyaftawa ce mai sa ciwon kai.

Abin da wannan yake nunawa shi ne kowace tazara da abin da take iya gani. Doguwar tazara ba ta ganin na kusa, amma tana ganin na nesa: gajimare, layin da sama ta haɗu da ƙasa, da launin ciyayi. A nan ne hanyar arewa ta fi kowace hanya da na sani a Ghana. Daga Offinso ana cikin kurmi, ga gonakin koko da ayaba da dogayen itatuwa da suke rufe sama. Wajen Akomadan da Techiman kurmin ya fara sakin jiki, gonakin tumatir da kashu da doya sun fara yawa. Bayan an wuce Kintampo itatuwa suna gajarta, suna nisantar juna, ciyawa tana tsawo, har a iso inda kaɗanya da ɗorawa da kuka suka mallaki fili, sama kuma ta buɗe ta kowane ɓangare. Wanda yake zaune cikin mota ba ya ganin wannan sauyi yana faruwa, sai dai ya farga cewa ya riga ya faru, domin awa shida ta yi wa ido tsawo. A tazarar sakan 5 kuwa, inda komai ya ninka gudunsa sau 90, ana ganin kurmin yana ja da baya a hankali, ana ganin koren yana sauya launi, kuma ban san wata hanya da za a ga wannan ba sai ta irin wannan ɗauka.

Kakanninmu fatake da suka zo Gwanja neman goro sun san wannan sauyi fiye da mu, domin a ƙafa suka taka shi, daga arewa zuwa kudu, suna yada zango bayan zango. Salaga ce babbar kasuwarsu, kuma bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan hanyoyin arewa ya yi rauni, cinikin goro ya karkata zuwa Kintampo. Duk lokacin da fim ɗina ya iso Kintampo, inda kurmi yake miƙa wa fili hannu, nakan fahimci dalilin da ya sa kasuwa ta zauna a wannan wuri: masu goro daga kudu da masu jakuna daga arewa, kowa ya zo iyakar ƙasar da ta saba da shi.

Saboda haka raba hanyar nake yi. Fita daga Kumasi, daga Suame har bayan Offinso, cunkoso ne da ƙananan bas na haya, wato tirotiro, da manyan motocin da suka ɗauko kaya daga Tema za su Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma gudun mota bai taka kara ya karya ba, don haka tazarar sakan 1 ko 2 ta dace. Tsakanin garuruwa, musamman daga Kintampo zuwa Buipe inda titi yake miƙe kuma ƙauyuka suka yi nisa da juna, sakan 5 ya isa. Gadojin Buipe da Yapei, waɗanda suka ƙetare rassan kogin Volta guda biyu, Baƙi da Fari, hotuna uku ko huɗu kacal za su samu a doguwar tazara, don haka wanda yake son ruwan ya fito sai ya mayar da kyamara gudunta na asali. Amma ya san farashin: sakan goma a gudun hoto 18 sun cinye hotuna 180, daidai da minti goma sha biyar na hanya a tazarar sakan 5. Da wannan tsari kaset biyu ne suke kai ni Tamale, kuma nakan sauya kaset a Techiman ko Kintampo, inda dama ake tsayawa.

Ba kowace kyamarar Super 8 ce take da agogon tazara a jikinta ba. Canon 814 XL-S da 1014 XL-S suna da shi, amma zaɓi huɗu ne kawai: sakan 1, 5, 20 da 60. Kyamarorin Nizo na kamfanin Braun na Jamus, irin su 561 da 801, suna da maɓallin da ake murzawa a hankali daga hotuna da yawa a sakan har zuwa hoto ɗaya a minti, kuma wannan ne ya sa na fi son su, domin tazarar da ta fi dacewa da titunanmu tana tsakanin sakan 2 da 3, inda Canon ba ta da wurin tsayawa. Matsalar yawancin tsofaffin Nizo ita ce ma'aunin haskensu yana aiki da wasu ƙananan batura na daban masu ƙarfin bolt 1.35, waɗanda ake yi da sinadarin makuri, kuma an daina yin su. Akwai masu maye gurbinsu da suke aiki da iska, sai dai ba sa daɗewa bayan an ɓare su, don haka sai mutum ya riƙe na ajiya. Wanda kyamararsa ba ta da agogo amma tana da ramin ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, yana iya sa mata igiyar latsawa ya riƙa ƙirga da kansa, ko da yake ba na jin akwai babban yatsan da zai jure latsawa sau 3,600.

Kafa kyamara a cikin mota shi ne inda Kumasi ta yi mana gata, domin babu abin da za ka zana a takarda mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, ya kasa ƙera maka. Abin da ake bukata maƙali ne na ƙarfe da zai riƙe kyamarar daram a gaban kujerar mai zaman banza, kusa da gilashi amma ba ta taɓa shi, tare da robar tsohon tif a tsakani don ta sha girgiza. Muhimmin abu shi ne kyamarar ta zama tamkar wani sashe na motar, ta yadda in mota ta faɗa rami, su faɗa tare. Idan tana lilo ita kaɗai, kowane hoto zai fito da nasa karkacewar. Nakan buɗe zum ɗin zuwa mafi faɗinsa, in tsayar da fokas a nesa, in manne su duka da salatif don kada girgiza ta motsa su, sannan in bar ɗan bakin bonet ya shigo ƙasan hoton. Wannan ɗan ƙarfen da ba ya motsi shi ne yake ba idon mai kallo wurin hutawa yayin da duk sauran duniya take gudu. Baƙin ƙyalle a kan dashbod yana hana hotonsa dawowa a gilashi, kuma dole ne a rufe maleƙin kyamarar ta baya, domin idan babu ido a kansa, haske yana iya bi ta nan ya ɓata fim. Gilashin gaba kuwa sai an goge shi a duk tsayawa, saboda ƙwaron da ya mutu a kansa a Abofour zai zauna a tsakiyar hotuna dubu masu zuwa.

Hanyar Tamale tana da wata fa'ida ta fuskar rana, domin arewa aka nufa: da safe rana tana dama, da yamma tana hagu, ba ta shiga idon kyamara kai tsaye. Hanyar Accra zuwa Kumasi ba haka take ba, tunda arewa maso yamma ta dosa, kuma wanda ya taso daga Nima ko Madina a Accra bayan Azahar zai isa wajen Nkawkaw da Konongo rana tana dukan gilashinsa. Wanda yake son duwatsun Kwahu su fito da kyau, ya yi sammako.

Fim ɗin da nake amfani da shi a yawancin tafiye-tafiye shi ne Kodak Vision3 50D, wanda aka yi domin hasken rana, kuma ƙwayoyinsa, wato 'yan ɗigogin da suke haɗa hoton, sun fi na sauran laushi, abin da yake da muhimmanci ga hoton da faɗinsa bai kai milimita 6 ba. Kaset ɗin yana da 'yan tsagogi a gefe da suke gaya wa kyamara ƙarfin fim ɗin, kuma kyamarori masu araha da yawa lamba biyu kawai suke ganewa, 40 da 160. Za su ɗauki 50D a matsayin 40, kuma wannan ɗan ƙarin hasken ba ya cutar da fim ɗin nagatif irinsa. Ektachrome 100D, wanda Kodak ya dawo da shi a 2018, launinsa ya fi ƙarfi, kuma ana iya sa shi a majigi kai tsaye bayan an wanke, amma ba ya yafe kuskuren haske. Ranar tsakar rana a arewa tana da ƙarfin da takan tilasta wa ƙofar haske ta tsuke har wajen lamba 16 ko 22 a ma'auninta, inda hoto yake rasa kaifinsa, don haka filtar rage haske a gaban ruwan tabarau ba ado ba ce.

Ana saɓani tsakanin masu wannan sha'awa a kan ko a bar kyamara ta riƙa auna haske da kanta, ko a kulle ta a lamba ɗaya. Idan an bar ta, duk inuwar itace ko farar tirelar da ta sha gabanka za ta sa ƙofar ta buɗe ko ta tsuke, kuma a allo sai hoton ya riƙa haske yana duhu ba ƙaƙƙautawa. Idan an kulle, hadarin da ya taso a Kintampo zai mayar da komai dare. Ni ina kullewa, in kuma sake aunawa a duk tsayawa ko idan sama ta sauya sosai, domin duhun da hadari ya kawo gaskiyar tafiyar ce, amma ƙyaftawar da injin kyamara ya ƙirƙira ba ta cikin abin da muka gani. Game da lokaci kuwa, ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ya fi hunturu nesa ba kusa ba. Hazon Disamba da Janairu yana shafe gajimare da nesa baki ɗaya, kuma su ne abin da doguwar tazara take rayuwa a kansu.

Zafi shi ne babban abokin gabar fim. Kodak yana ba da shawarar a ajiye fim ɗin da ba a ɗauka ba a sanyin digiri 13 ko ƙasa da haka, alhali dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana a Buipe ba ya taɓuwa da hannu. Kaset ɗin ajiya yana tafiya cikin kular ƙanƙara, a naɗe da leda don kada ruwa ya same shi, kyamarar kuma ana yafa mata farin ƙyalle. Wanda ya ciro kaset daga firji ya bar shi a cikin takardarsa har ya saba da zafin ɗaki kafin ya ɓare, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kan zaren. Laimar Kumasi kuma tana sa funfuna a cikin ruwan tabarau, saboda haka akwati mai rufi da ƙullin sinadarin shan danshi ya fi wa kyamara aljihun tebur.

Wuraren tsayawa su ne suka fi ba ni abin kallo, kuma ba na kashe kyamara idan mun tsaya. Da zarar mota ta daina motsi, bango da rumfa da itace sun tsaya cak, sai mutane su zama masu gudu: masu tallar burodi da dafaffen ƙwai da ruwan leda suna kewaye motoci su watse, ana sauke doya ana lodi, inuwa tana rarrafe a ƙasa, sahun salla ya haɗu ya rabu cikin ƙiftawa biyu. Kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota a wannan hanya kafin idonsa ya raunana, ya kalli wani fim da na ɗauka bai ce uffan ba, sai da muka iso tsayawar Techiman ya ɗaga hannu.

"Ɗana, mayar mini da wannan wurin," in ji shi. "Kwalta kowa ya san ta. Nan ne nake son in ga ko rumfar mai kokon nan tana nan."

Na ce, "To, Kawu," na mayar, muka tsayar da hoton a kan kwamfuta muna bin sa ɗaya bayan ɗaya har ya gamsu cewa an tashe ta an gina shago. Tun da yake kowane hoto cikakke ne a karan kansa, fuskar da ta wuce cikin ƙiftawa a allo tana nan sarai ga wanda ya tsayar, don haka idan mota za ta daɗe a gaban rumfar wata baiwar Allah, ladabi ne a gaishe ta a gaya mata abin da ake yi. A shingen 'yan sanda da na kwastan da kusa da barikin soja kuwa, kashewa nake yi in rufe idon kyamarar tun daga nesa. Kyamarar Super 8 tana da mariƙi irin na ƙaramar bindiga, tana kuma yin ƙas-ƙas ita kaɗai, kuma ba kowane jami'i ne ya taɓa ganin irinta ba.

Akan tambaye ni dalilin wannan wahala alhali wayar da take aljihuna tana yin irin wannan ɗauka kyauta, har ma ta gyara girgiza da kanta. Gaskiya ne, kuma wanda bukatarsa ita ce ya nuna wa abokai cewa ya isa lafiya, waya ta ishe shi. Bambancin da nake gani shi ne wayar ce take yanke hukuncin gudun, ita take zubar da hotunan da ta ga dama, kuma tunda ba ta ƙarewa, babu abin da yake tilasta wa mai ita ya zauna tun kafin tafiya ya tambayi kansa wane yanki na hanyar ne ya cancanci a tsaya masa. Kaset ɗin da aka saya da kuɗin waje, za a kuma wanke shi da kuɗin waje, yana sa mutum ya san hanyarsa gari bayan gari kafin ya tayar da mota.

Wankewa a waje nake yi. Akwai ɗakunan wanki da suka shahara da ƙananan fina-finai, irin su Andec a Berlin da Pro8mm a Kalifoniya, kuma yawanci ɗan'uwa mai komawa Turai nake ba wa saƙon. Abin da nake jaddada masa shi ne kada kaset ya shiga babban akwatin da ake aunawa, domin na'urar da take duba waɗannan akwatuna tana ƙona fim, haka ma sababbin na'urorin duba kaya da ake kira CT da aka fara sawa a layin jakar hannu a filayen jirgi da yawa, waɗanda Kodak da kansa ya yi gargaɗi a kansu. Ya riƙe shi a farar leda, ya roƙi a duba da hannu. Idan an wanke, nakan nemi a yi sikanin hoto bayan hoto, ta yadda zan iya rage gudun kallon zuwa hoto 12 a sakan a wuraren da suka yi sauri, ba tare da an taɓa sauran ba. Turawa ta WhatsApp tana matse fim ɗin har ƙwayoyinsa su dunƙule su zama laka, don haka a matsayin fayil nake aikawa, ba a matsayin bidiyo ba. Wanda kuma ya ɗauka da Ektachrome yana son ya haska a bangon tsakar gida, ya duba bayan majiginsa tukuna: wutarmu bolt 230 ce, majigin da aka kawo daga Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, kuma ba a jona shi sai da taransifoma a tsakani.